Ko ana iya bin sawun tafiyar Washington ta 1753?

Tambaya: Malam, na ji cewa an taɓa aiken George Washington da wasiƙa cikin dazuzzukan Amurka tun ƙasar tana hannun Ingila. Shin akwai hanyar da maziyarci zai bi sawunsa a yau? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Akwai, Malama. A ƙarshen Oktoba 1753 gwamnan Virginia, Robert Dinwiddie, ya tura Washington, yana ɗan shekara 21, ya kai wa Faransawa saƙon su janye daga kwarin kogin Ohio. Christopher Gist ne ya yi masa jagora, kuma a Logstown ya gana da Tanacharison, wani shugaban 'yan asalin ƙasar, kafin ya isa sansanin LeBoeuf a watan Disamba, inda kwamandan Faransawa ya karɓe shi da mutunci amma ya ƙi janyewa. A hanyar komowa ya faɗa cikin kogin Allegheny mai ƙanƙara, da ƙyar ya tsira.

A yau an kafa alamomi a kan titunan yammacin Pennsylvania, ana bin su da mota ta garin Franklin har zuwa Waterford, inda sansanin yake a da. A ganina bazara ta fi dacewa da ziyarar, domin hunturun yankin yana da tsanani.