Tambaya da Amsa: Jirgin sama mai farfela, akwai abin tsoro?

Tambaya: Malam, zan je Ilori, sai aka ce jirgin mai farfela ne, ATR 72. Gabana ya faɗi. Shin ba tsohon yayi ba ne? — Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Farfelar nan injin tabain ne ke juya ta, irin na manyan jirage. Kamfanin ATR da ke ƙera shi haɗin gwiwa ne na Faransa da Italiya da aka kafa a 1981, a birnin Tulus na Faransa ake haɗa jiragen. ATR 72 ya fara tashi a 1988, ya soma ɗaukar fasinja a 1989, yana cin mutum kusan 70. Ba ya shan mai sosai a gajeren zango, kuma yana sauka a ƙaramin fili. Shi ya sa kamfanonin jiragen sama na Overland da Green Africa suka zaɓe shi a Najeriya.

Amma ba zan ɓoye maka ba, yana da tabo. A 1994 ɗaya ya faɗi a Indiyana ta Amurka, mutum 68 suka rasu, bayan ƙanƙara ta daskare a fukafukansa. Daga nan aka faɗaɗa robar fukafukai da ke fasa ƙanƙarar, aka tsaurara horon matuƙa. Na Nepal a 2023 kuwa, inda mutum 72 suka rasu, bincike ya nuna matuƙi ne ya ja sandar sarrafa jirgi da ba ita ba.

Ni dai ina hawansa, ƙararsa ce kawai ke damuna. Nemi kujerar baya, nesa da farfela. Allah ya kai ka lafiya.