Kaduna zuwa Abuja da Mama: ku bi jirgin ƙasa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce za ka kai ta ganin likita a Abuja, kana shawarar ko ka tuƙa motarka ko ku shiga jirgi. Ni dai da za ka ji tawa, ka ajiye motar.

Iyalina na Kaduna, aikina na Abuja, don haka hanyar nan na sha ta. Tun da aka buɗe layin dogon a 2016 na rage tuƙi. Kilomita 186 ne daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja, tafiyar awa biyu da wani abu, wani lokacin ta doshi uku. A mota kana iya yin hakan, amma in ka tarar da tireloli sun cushe a Tafa, ko wurin da aka haɗe hanya saboda gyara, sai yadda hali ya yi.

Abin da ya fi damuna shi ne jikin tsohuwa. Na taɓa kai mahaifina a mota, yana fama da ciwon suga, kowane ɗan lokaci yana buƙatar kewayawa, ga shi ba ko'ina mutum zai yarda ya tsaya ba. Da muka isa sai da muka riƙe shi ya fito, ƙafafunsa sun kumbura. Zuwa na gaba muka bi jirgi. Akwai banɗaki, ya miƙe ya ɗan taka a cikin taragon, har barci ya yi. Sai dai ka riƙo wa Mama mayafi mai kauri, sanyin na'urar yana shiga ƙashi. Motar haya kuwa kar ma ka fara, zaman jiran ta cika kaɗai ya ishe ta, balle matsi.

Na san abin da ke ranka. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 a kusa da Katari ba wanda ya manta shi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai a Disamban shekarar jirgin ya dawo aiki, ni ma na daɗe ban koma ba. Yanzu ana tafiya da jami'an tsaro. Ba mai iya ba ka tabbaci, a titi ko a dogo, amma hankalina ya fi kwanciya a jirgin.

Tikiti ta intanet ake saya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kowa da tasa, har Mama, kuma ku riƙe katin shaida. Ka saya da wuri, musamman na safiyar Litinin, nan da nan yake ƙarewa. Jadawalin yana canzawa, ka duba ana gobe tafiya. Ku fita gida da sauran lokaci sosai, don hanyar Rigasa akwai cunkoso. Ni da idona na ga jirgina yana tashi ina bakin ƙofa da jaka a hannu.

In asibitin na wajen Gwarinpa ne ku sauka a Kubwa, in cikin gari ne ku wuce Idu. Ka sa wani ya jira ku da mota, kar Mama ta tsaya a rana ana cinikin tasi.