Inna ta fara mantuwa, ni kuma tansiyona ya hau

Assalamu alaikum Tanti. Daga Tawa nake rubuto miki, shekaruna 47. Innata ta haura 70, ta daɗe tana fama da hawan jini, ciwon sukari ya zo ya tarar. Bara ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya ɗan karkace, bayan kwana biyu ya koma daidai, muka ce Allah ya kiyaye. Tun daga nan ba ta koma yadda take ba. Sai ta sallame la'asar, ta naɗe tabarma, ta sake neman buta wai ba ta yi salla ba. Kuɗinta na ƙulle a haɓar zaninta, amma ta rantse matar ƙanena ta ɗauke, har yarinyar ta yi yaji. Dangi sun ce jifa ne, an sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Watan jiya aka auna ni, tansiyona 16/10. Ina shan maganin in kaina ya sara, in ya lafa in ajiye. Tanti, abin nan gado ne? Ni ma haka zan ƙare?

Ɗiyarki daga Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ku ladan jinya. Da ke zan fara, don shan maganin naki ne ya tsaya mini a rai. Hawan jini ba ya sallama, yakan yi shekaru yana ɓarna ba ciwon kai ba jiri. Daga 14/9 likitoci ke kiransa hawan jini, ke kin wuce nan. Maganin kullum ake shansa, da ciwo da babu.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ta jijiyoyi sirara kamar gashi take samu. Kin san lambunan albasa na Galmi: in ƙananan hanyoyin ruwa suka toshe, fangalin ƙarshe ke fara bushewa. Hawan jini yana ƙandarar da jijiyoyin nan, sukari yana cin bangonsu, kitse yana cushe su. Wani sa'in toshewar takan fito fili, kamar karkacewar bakin Inna, wadda ta yi kama da ƙaramin shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa kuwa a ɓoye take, kaɗan-kaɗan, har tunani ya raunana. Bayan cutar Alzaima, wannan ce ta biyu wajen kawo abin da muke sharewa da sunan gigin tsufa.

Hawan jini da sukari suna bin dangi, gaskiya ne. Amma a 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya kauce wa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan larura. Hawan jini, sukari, ƙiba, taba da rashin motsa jiki duk suna ciki, kuma shekarunki ne lokacin da gyaran ya fi amfani. Ki sa a auna sukarinki kafin karin kumallo. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen Maggi da kilishi. Shayin nan mai zagaye uku, na san da wuya, a rage masa sukari. Ki riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa bayan asuba, kafin ranar Tawa ta buɗe.

Inna kuma, addu'a ba ta hana zuwa likita. Ku tafi da kwalayen magungunanta duka, ku faɗi faɗuwar bara. Sukari in ya sauka da yawa yana rikita tsoho, kuma maganin sukari na metformin in an daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12, wannan ana gyara shi. Mai yiwuwa a tura ku Yamai hoton ƙwaƙwalwa. In baki ya sake karkacewa ko magana ta sarƙe, a lokacin za ku tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Mutum ɗaya ya riƙe maganinta, kada ta sha sau biyu kamar la'asar.

Kada ku yi musu da ita kan kuɗin. Ku ce mu duba tare, ku kwance haɓar zanin a gabanta. Matar ƙanenki kuwa, ke za ki je biko da kanki, ki gaya wa iyayenta ciwo ne ya yi magana.