Allurar ƙanena ta wata-wata: yada mu aka yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, a wani ƙauye gaba da Magarya nake zaune. Ƙanena ɗan shekara 26 ya samu taɓin hankali bara da kaka. Ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa maƙwabta sun haɗa baki za su kashe shi. Muka kai shi Damagaram ya kwanta mako uku, Allah Ya ba shi sauƙi har ya koma kan kekensa na ɗinki. Tun daga nan duk wata nake ɗauko shi a yi masa allura. Watan jiya ma'aikacin da ke dubansa ya ce mu daina wahalar zuwa, majon CSI ɗinmu, wato babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin yankinmu, zai riƙa yi masa, mu dawo bayan wata uku. Raina bai kwanta ba. Majon nan masu zazzaɓi da masu ciki yake dubawa, me ya sani a ciwon ƙwaƙwalwa? Ko sun gaji da mu ne? In haka ne, ba gara in sayi allurar in ba maƙwabcinmu da ya iya yi ba?

AMSA

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah Ya ƙara masa lafiya, ke kuma Ya biya ki ladan zumunci.

Ba yada ku aka yi ba. Ni kaina haka nake yi wa marasa lafiyar da na ga sun daidaita, kuma shekarata 14 ina wannan aiki. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƴan kaɗan ne, akasarinsu a Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Mu ma'aikatan jinya da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa muke riƙe da jihohi, mu ɗin ma yawanmu bai taka kara ya karya ba. Ki tuna bencin da kike zama ranar randebu, wato ranar da aka sa muku ta ganin likita: ga na Tanut, ga na Gure, ga na Matamaye da Mirya, wasu tun asuba suka baro gida. Abin da na gani da idona shi ne, wanda aka ce lallai ya zo birni duk wata, da damina ta sauka kuɗin mota suka yi wuya sai ya tsallake wata ɗaya, ya tsallake na biyu, a na uku a kawo mana shi ɗaure da igiya a bayan mota. Gudun irin haka ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fito da shirin mhGAP a 2008, ta kuma wallafa littafin jagorarsa a 2010, don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da masu irin wannan ciwo kusa da gidajensu.

Tunda ƙanenki tela ne, ki tambaye shi. Maigidan shago yakan ba yaronsa kalmasa da sa maɓalli, amma yankan yadi shi yake yi da hannunsa, kuma in riga ta ɓaci shi mai kaya zai tuhuma. Allurar nan kalmasa ce. Ko Haldol ne mai dogon zango ko Modecate, a cikin man riɗi aka narkar da maganin, shi ya sa kike ganinsa da kauri. Can cikin tsokar ɗuwawu ake soka shi, ba a jijiya ba, jiki ya yi ta tsotsarsa kaɗan-kaɗan har makonni. Majon da ke yin allura safe da yamma ya iya wannan sarai. Yankan yadin kuwa, wato tantance ciwon, ƙara magani ko rage shi, canza shi ko dakatar da shi, yana nan a hannun wanda ya tura ku. Shi ya sa ya ce ku dawo bayan wata uku. Kada ku fasa wannan randebun ko da ƙanenki ya ce garau yake ji.

Amma tsoronki yana da tushe, don ni na taɓa yin kuskure a nan. A farkon aikina na tura wani saurayi CSI ɗin garinsu, na kira ma'aikacin wurin a waya na faɗa masa sunan allurar, ban rubuta komai ba. Bayan kwana goma mahaifiyar yaron ta kai shi, ta ce ya kasa zama, sai safa da marwa yake a tsakar gida, in ya zauna ƙafafunsa na ta motsi. Ma'aikacin ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ya ƙara masa wata allurar. Alhali maganin ne ke hana shi zama. Rage shi ya kamata a yi. Da aka kawo mini shi, miyau na zuba a gaban rigarsa, hannuwansa na karkarwa, yana jan ƙafa kamar tsoho. Ya warware daga baya, alhamdu lillahi, amma laifin nawa ne, don na ba mutum aiki ban gaya masa iyakarsa ba. Tun ranar ba na tura kowa sai da takarda.

Saboda haka ki buɗe karnen ƙanenki, wato littafinsa na asibiti, yau ɗin nan. Ya kamata ki ga sunan allurar, yawan da ake yi masa, ranar da aka yi ta ƙarshe da ranar ta gaba, da lambar wayar da majo zai kira in wani abu ya shige masa duhu. In babu, ki koma ki nema. Haƙƙinku ne, ba roƙo ba. Duk ranar da aka yi allura kuma ki tsaya sai majo ya rubuta kwanan wata ya sa hannu.

Ke ma akwai naki kason, don ke ce mai ganinsa kullum. In wuyansa ya karkace, ko idanunsa suka kakkafe sama, ko harshe ya fito ya ƙi komawa, kada a ce iska ce ta taɓa shi. Illar maganin ce, kuma akwai maganinta irin su Artane, ku kai shi CSI nan take. Wanda ya fi haɗari shi ne zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, gumi da ruɗewa. A ƙasarmu kowane zafin jiki sai a ce na cizon sauro ne, to ki faɗa da bakinki cewa yana kan allurar ƙwaƙwalwa, kada a yi masa ta gaba, a wuce da shi babban asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. In kuma barci ya fara gagararsa dare biyu uku a jere, ko zargin maƙwabta ya dawo, a kira wanda ya tura ku. Ki sa ido kan abokan hirarsa, don tramol da wiwi suna tayar da ciwon da ya kwanta.

Maganar maƙwabci kuwa, a'a. Ko da hannunsa ya iya, ba zai auna jinin ƙanenki ba, ba zai rubuta a karne ba, kuma ranar da abu ya ɓaci ba wanda ya ɗora masa aikin balle ya tsaya masa. Majo yana da wanda zai kira.

Ranar allura ta gaba ki raka shi da kanki, ki gaisa da majon, ki karɓi lambarsa. Bayan randebun wata ukun ki sake rubuto mini, ina son in ji ko yana nan kan kekensa. Ki gaishe shi da jiki.