Tambaya da Amsa: Rikicin Kuɗi da 'Yan Fansho a Rasha

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne a unguwar Gwammaja, Kano. Ina jin ana cewa ƙasashen da suka bar tsarin gurguzu sun fi jigata idan rikicin kuɗi ya auku. Me ya jawo haka, kuma wa abin ya fi shafa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Rasha ce misalin da zai fi fito mana da amsar. A zamanin Tarayyar Sobiyet, masana'antar da mutum yake wa aiki ita ce take ba shi gida da asibiti da wurin renon yara, saboda haka da tarayyar ta wargaje a 1991 aka shiga sayar da masana'antu, sai waɗannan hidimomi suka fara zubewa tun kafin gwamnati ta tanadi abin da zai maye gurbinsu. A 1992 gwamnatin Boris Yeltsin ta cire hannunta daga ƙayyade farashi, tsadar kaya ta ninka fiye da sau 20 cikin shekara guda, kuɗin da tsofaffi suka daɗe suna ajiyewa a banki ya zama ba ya sayen abin kirki.

A kan wannan rauni ne rikicin 1998 ya sauka. Farashin man fetur ya faɗi, baitulmali ya bushe, a ranar 17 ga Agusta gwamnati ta sanar da cewa ba za ta iya biyan bashin cikin gida ba. Dalar da ake saya rubul 6 (rubul shi ne kuɗin Rasha) ta kai kusan rubul 20 kafin ƙarshen shekarar.

A ganina, ɗan fansho ne ya fi kowa shan duka, domin ɗan kasuwa yana iya ƙara farashi gobe da safe, amma shi kuɗinsa a ƙayyade yake, ga shi kuma ana yin watanni ba a biya ba, sai darajarsa ta zube sannan ya iso hannu. Malamai da likitoci ma haka. Masu haƙar kwal har layin dogo suka tare a watan Mayun shekarar saboda bashin albashi.

Wanda ya ga yadda masaƙun Sharaɗa da Bompai suka yi ta rufewa zai gane wani ɓangare na lamarin, ko da yake Nijeriya ba ta taɓa bin gurguzu ba. A nan dangi ne suka ɗauki nauyin waɗanda suka rasa aiki. A Rasha kuwa iyalai da yawa da dankalin da suka noma a 'yan gonakinsu na bayan gari suka rayu a lokacin sanyin 1998.