Goyona wata biyar, ina tsoron kwanika, ina kuma tsoron allura

Tambaya: Ina zaune a Garwa, goyona wata biyar. Wancan karon na yi kwanika tun yaro bai fara tafiya ba, kuma na sha wuya. Ina so in huta, amma matan unguwa sun ce allurar tazarar haihuwa tana kashe mahaifa. Wa zan tambaya in ji gaskiya?

Amsa: Sannu da ɗawainiya, ƙanwata. Allura ba ta kashe mahaifa. Abin da take yi shi ne hana ƙwai fita na wata uku. Idan mace ta daina, haihuwa tana dawowa, sai dai takan yi jinkiri, wata mace 'yan watanni, wata har kusan shekara. Wannan jinkirin, tare da rikicewar jinin al'ada ko ɗaukewarsa gaba ɗaya, shi ya haifar da maganar da kika ji. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba. Ba na ganin laifin matan unguwarku: an yi musu allura ba tare da an zaunar da su an gaya musu abin da za su gani ba. A ɗakin awo takardun bango da Faransanci suke, ungozoma ɗaya ce, layi har bakin ƙofa, sai mace ta koma gida ta nemi bayani a gidan suna.

Abin da ya fi gaggawa a wurinki shi ne lokaci. Shayarwa tana kare mace daga ciki ne idan abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ranar da kika fara ba shi koko ko kunu, kariyar ta fara raguwa. Ke kuwa saura wata ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, kuma wannan bai yi nisa da shekara biyu na shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara ba.

Ki je cibiyar lafiyar da kike kai yaro rigakafi, ki ce kina son ganin ungozoma kan tazarar haihuwa. In Faransanci zai ba ki wahala, ki nemi a yi miki bayani da Hausa ko Fillanci, haƙƙinki ne. Ba allura kaɗai ake da ita ba. Akwai ashanar hannu, ɗan siririn abu da ake sa wa a ƙarƙashin fatar damtse, mai suna Implanon tana aiki shekara 3, mai suna Jadelle shekara 5, kuma ana cire ta duk ranar da kika so. Akwai robar mahaifa, wadda ake sa wa a cikin mahaifa, mai kai shekara 10, akwai ƙwaya ta musamman don masu shayarwa. In kina son sake haihuwa da zarar kin yaye, ni ashanar zan nuna miki, domin da ita babu wancan jinkirin. Kafin a zaɓa, a auna miki hawan jini, ki kuma faɗi duk ciwon da kike da shi. Don Allah kada ki sayi ƙwaya a tiren mai tallar magani, wadda ta wuni a ranar Garwa.

Sai maigida. Na fi so ki gaya masa, ki tuna masa wahalar wancan cikin da kuɗin maganin da ya kashe. In ya yarda ku je tare, ya yi nasa tambayoyin da bakinsa, ki tafi da katin rigakafin yaron.