Haƙorin da aka dasa mini yana girgiza, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Wata takwas ke nan da aka dasa mini haƙori a muƙamuƙin ƙasa. Yanzu yana girgiza, ga wani kumburi mai tauri a gefen haɓata da ke fitar da mugunya da wasu ƴan ƙwayoyi rawaya kamar tsakin gero. Sau uku ina sayen magani a kemis, ya lafa, ya dawo. Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Ƙusar da ake dasawa ta ƙarfen titaniyom ce, kuma takan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ƙashi ya kama ta. Idan ya kama, ba ta motsi ko kaɗan. Wani lokaci hular haƙorin ce kawai ta kwance, a ɗaure ta a wuce wurin. Amma girgiza tare da mugunya, wannan ƙashin ne ake ci.

Ƙwayoyin nan rawaya su suka ja hankalina. Suna nuni da wata ƙwayar cuta mai suna Actinomyces israelii. Tana zaune a bakin mutane da yawa ba ta cutar da su, sai ta sami ƙofa, kamar raunin dashe, ta shige inda babu iska. A can take dunƙulewa ta kewaye kanta da tsoka mai tauri, shi ya sa maganin kwana 5 ba ya kai mata. Flagyl kuwa, da ake yawan miƙa wa mai ciwon haƙori, ba ya taɓa ta sam. Ba kasafai ake ganin irin wannan ciwon ba, kuma ba a yanke hukunci daga wasiƙa, sai an gwada.

Ki je sashen haƙori da muƙamuƙi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ki tafi da kwalayen magungunan da kika sha. Za a ɗauki hoton ƙashi, a yanki ɗan nama daga cikin kumburin. Goga auduga a dasashi ba ya wadatarwa, tunda ƙwayar dama ƴar gida ce. Jinkirin girma gare ta a ɗakin gwaji, shi ya sa sakamakon yakan kai mako 2.

In ta tabbata, za a cire ƙusar, a kankare ruɓaɓɓen ƙashi. Sai allurar fenisilin ta jijiya na mako 2 zuwa 6, sannan amoksisilin na sha wata 6 zuwa 12, ko da yake idan kankarewar ta yi kyau akan rage. Wanda fenisilin ba ya karɓar sa akan ba shi doksisaikilin. Kumburin zai sace tun da wuri, kada hakan ya sa ki ajiye maganin.

A auna miki suga, domin ciwon suga da ba a kula da shi ba yana hana ƙashi warkewa. Maganar sabon dashe kuma sai hoto ya nuna ƙashin ya cike.